Wuƙar Fage da Wuƙar Daji

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Ranka ya daɗe Hakimi, uban ƙasa kuma shugaban wannan taro. Allah ya gafarta Malam Alƙali, da limamanmu na gari da na ƙauye. Wakilan Bebeji da na Tudun Wada, da waɗanda suka taso tun daga Doguwa suka kwana a hanya. Dagatai da masu unguwanni. Arɗon kowace ruga da ya bar shanunsa ya amsa kira. Sarakunan baka, da maƙera, da makaɗa. Iyayenmu mata da ke bayan zana suna saurare. Sai ku samari, da na ga kun cika rassan tsamiyar nan har ina jin tausayinta. Jama'ar Dangora duka, manya da ƙanana, assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rufa'i. Na yi muhuti, wato mai taimaka wa alƙali da rubutu da duba littafi, a gaban alƙalai a Tudun Wada har idona ya fara ganin layi ɗaya ya zama biyu, aka sallame ni in je in huta. Ban gama gyara shimfiɗar hutun ba manyanmu suka tuna da ni, suka ce tun da ƙafa tana nan, kunne kuma yana ji, akwai sauran aiki. Ina gode musu da suka ga na isa. Ina gode wa dagatan da suka sauke ni a zaurukansu tun daga farkon damina har zuwa wannan kaka ta shekarar alif ɗari tara da hamsin da shida, da matan da suka ciyar da ni ban san fuskokinsu ba. Ina gode wa ma'aikatan gidan yari na birni da suka buɗe mini ƙofa ba tare da sun rufe ta a bayana ba. In da dabba tana jin godiya, da na yi wa tsohuwar goɗiyata, wadda ta tsallaka rafuka da ni tana gunaguni, ni ma ina yi.

Kun san abin da ya sa aka ɗora mini wannan aiki. A 'yan shekarun nan jini ya zuba a ƙasashenmu fiye da yadda muka saba, kuma duk lokacin da aka ce wa ya yi, sai a nuna yaro, wanda gemunsa bai gama tsirowa ba. Na ƙarshe shi ne na garin nan, a ranin da ya wuce, ranar fitar farauta, da Ɗanliti ɗan Kyauta ya sa wa amininsa Shitu ɗan Umaru wuƙa a ciki a gaban idon jama'a, Shitu bai kai la'asar ba. Daga nan ne aka kira ni aka ce, Malam, je ka bincika mana, me ke sa yaranmu kisan kai.

Na kuma san ba don jin binciken wani tsoho kuka bar sussuka kuka cika filin nan ba. Ɗanliti yana gidan yari a birni, an tabbatar masa da kisan ganganci, kuma kun san yadda shari'a take: ransa yana hannun mai jini, wato Umaru uban mamaci. In ya ce ƙisasi, ƙisasi za a yi; in ya yafe, an yafe. Da kunnenku kuka ji Umaru ya faɗa a kasuwar nan cewa ba zai yafe ba. Zan gaya muku inda maganar ta kwana. Amma ku bar ni in bi da ku ta hanyar da na bi, don in na fara da ƙarshen, samarin nan za su diro daga bishiya su watse, su kuwa na fi so su ji. Ku dai dubi fuskata, ba da irin wannan fuska ake kai ta'aziyya ba.

Abu na farko, abin da na tarar a bakin mutane. Duk garin da na sauka, kafin in kwance sirdi an riga an ba ni amsa. A Bebeji aka ce mini hanyar mota ce ta lalata yara. A Kiru aka ce cirani ne, yaro ya tafi haƙar kuza ya dawo da gajeren wando da gajeriyar zuciya. A Tudun Wada aka ce tsofaffin sojan da suka dawo daga yaƙi su ne suka koya wa yara raina jini. Wani ya ce siyasa, wani ya ce burukutu, wata tsohuwa a Doguwa kuwa cewa ta yi zamani ne ya zo ƙarshe, in koma gida in yi ta istigfari in bar wahalar da dabba. Na saurari kowa, ban yi musu da kowa ba. Ni ma da irin wannan tsoro na fito daga gida, ina zaton zan je in tarar da 'yan iska masu jajayen idanu, waɗanda uwa ta sallama, uba ya sallama.

Abu na biyu, abin da na tarar da idona. Na shiga gidan yari na zauna da yaran ƙasar nan da aka kama da jini, ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suke raye. Na je gidajen iyayensu, na je gidajen waɗanda suka kashe, na zauna da dagatan da aka yi abin a ƙasarsu. Jama'a, ban sami 'yan iskan da na je nema ba. Akwai 'yan kaɗan da ba zan wanke ba, waɗanda suka yi kwanto suka kashe don mugunta, Allah ya shirye su. Amma sauran, manoma ne 'ya'yan manoma, makiyaya ne 'ya'yan makiyaya. Da yawansu ba su taɓa fita cirani ba, ba su san ɗanɗanon giya ba, ba su taɓa shiga mota ba sai ranar da aka ɗauke su zuwa birni da ankwa a hannu.

Ga abin da na yi ta gani, gari bayan gari, har na daina mamaki. Wanda aka kashe ba baƙo ba ne. Aboki ne, ko ɗan ƙanen uba, ko maƙwabcin gona. Ba a ɓoye aka yi ba. Da rana tsaka aka yi, a gaban taro, sau da yawa ganga tana tashi. Wanda ya yi kuma bai gudu ba; wani shi ya saɓo gawar a kafaɗa ya kawo gida, wani ya kai kansa ƙofar dagaci ya zauna yana kuka har aka zo aka ɗaure shi. A wajen farauta an kayar da gada, mutum biyu kowa ya ce kibiyarsa ce, makaɗi ya kira sunan uban ɗaya, shi ke nan. A wajen sharo sanda ta wuce inda aka saba, 'yan'uwa suka shiga. Tambaya ɗaya na yi ta yi ko'ina: a lokacin da abin ya faru, wane babba ne yake tsaye kusa? Amsar kusan ɗaya ce, babu. Manya sun yi gaba, ko sun koma inuwa, ko sun bar wa yara fage su ma su ɗan taɓa.

Arɗo Dikko na gefen dajin Falgore, ga shi can da malafa, na tambaye shi yadda aka yi rugarsa ta daɗe tana sharo ba a taɓa ɗaukar gawa ba. Cewa ya yi, "Modibbo, ba na barin yaro ya ɗaga sanda a kan yaro sai ni ko ƙanena muna tsaye inda hannunmu zai kai. Ba ƙarfinsu nake tsoro ba, idon 'yan matan da ke kallonsu nake tsoro." Na yi dariya a lokacin, amma a kan hanya na yi ta juya maganar.

Ina faɗa muku tsakani da Allah, da na haɗa waɗannan abubuwa na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Yaranmu ba su lalace ba. Zamani bai ƙare ba, Allah ya ba tsohuwar Doguwa haƙuri. Ciwon da ke damunmu ba irin wanda ya fi ƙarfinmu ba ne, domin ba daga nesa ya zo ba, ba kuma mota ce ta kawo shi ba. Kayan manya muka ɗora wa yara, muka koma gindin bishiya muna kallo.

Abu na uku, maganar garin nan. Mutanen Dangora ku yi haƙuri in faɗi abin da kuka sani, saboda baƙinmu na nesa. Umaru tsohon ɗan tauri ne, irin mutanen nan da suka sha maganin ƙarfe, waɗanda in an buga gangi, gangar mafarauta, ranar fitar farauta sukan shiga fage su yi ta gurza wuƙa a cikinsu da wuyansu ba ta kama su ba. Ni ba a aike ni in yi fatawa a kan magani ba, ba kuma yau zan fara ba. Shitu shi ne ɗansa namiji tilo. Ɗanliti kuwa ubansa ya rasu yana goye, danga ɗaya ce ta raba gidansu da na Umaru, kuma Saude, matar Umaru, uwar Shitu, a akushi ɗaya take zuba musu tuwo tun suna rarrafe. Da suka tasa, a ƙwarya ɗaya Umaru ya jiƙa musu magani suka sha.

Ranar da abin ya faru, manya sun gama nasu sun koma gindin kuka suna shan fura. Makaɗi bai ajiye gangi ba, ya juya kan yara, ya kira Shitu da kirarin ubansa. Shitu ya tuɓe riga ya shiga fage, ya buɗe hannuwa, ya kira Ɗanliti ya zo ya gwada shi. Sauran kun gani, ba sai na maimaita a gaban iyaye ba.

To me ya sa aka ce ganganci ne, ba tsautsayi ba? An shaida cewa sun taɓa cacar baki a kan wata gada a farautar da ta gabata. An kuma shaida, maƙeri da kansa ya amsa, cewa ana gobe abin zai faru Ɗanliti ya kai wuƙarsa maƙera aka fitar mata da kaifi har tana aske gashi. Umaru ya tsaya a gaban shari'a ya ce, "Ba a shiga fage da irin wannan wuƙa sai da nufi." Aka juya kan Ɗanliti, ya ce shi ya kai ta maƙera, shi ya soka, bai ƙara kalma ɗaya ba. Duk wanda ya zauna a kan shimfiɗar hukunci ya ji wannan, abin da zai yanke ke nan.

Da na same shi a gidan yari, ya rame har sai da aka nuna mini shi. Bai roƙe ni in cece shi ba, bai tambaye ni ko za a kashe shi ba. Tambaya ɗaya yake yi mini duk zuwan da na yi: "Malam, kai da ka yi karatu, me ya karya maganin? Tare muka sha. Ko ni ne na taka wata doka ban sani ba?" Na ce, "Yaro, bar wannan tukuna. Me ya kai ka maƙera?" Ya dube ni kamar na yi tambayar da bai kamata mai furfura ya yi ba, ya ce, "To da wace irin wuƙa zan gwada shi, Malam? In je masa da dakusasshiya mutane su ce na raina maganin Baba?" Baba yake kiran Umaru, har yau. Na fito kaina a ɗaure. Uban ya ce ba a shiga fage da wuƙa mai kaifi, yaron ya ce ba a shiga da marar kaifi, ni kuwa da na tsufa ina kallon fuskar masu ƙarya ban ga alamarta a fuskar ko ɗayansu ba.

Wadda ta kwance mini wannan ƙulli ba ta san ta kwance ba, ko kuwa ta sani, Allah ne masani. Na je gaishe da Saude, Umaru yana gona. Tana daga bakin ƙofar cikin gida tana fere kabewa, ni ina zaure, sai idona ya kai kan wuƙaƙe biyu a rataye a bango, kube iri ɗaya, ƙota iri ɗaya. Don in sami abin faɗa na ce, "Ashe maigidan bai rabu da kayan aikinsa ba." Ta ce, "Ta daman ce ta aiki, Malam, da ita yake shiga daji. Ta hagun nan ta fage ce, kyan ido kawai gare ta. Ina amarya na taɓa ɗaukarta in yanka kabewa, na yi ta fama ta ƙi shiga, ya shigo ya same ni ya yi ta faɗa kamar na ƙona masa rumbu." Ta ci gaba da aikinta. Ni kuwa a zaune nake a inuwa, amma gumi ya keto mini.

Aikina ya koya mini kada in tsaya a kan bakin mutum ɗaya. Na sake ɗaura wa goɗiya sirdi, na bi tsofaffin 'yan tauri gari gari, tun daga Kiru har bakin daji. Wasu suka ɗaure fuska suka ce in sha furata in kama hanya. Wani ya ce shi dai nasa magani ne tsantsa, na ce Allah ya ƙara tsari. Amma da yawansu, in na ce musu ran yaro ne a kai, sai su dubi ƙasa. A Falgore wani tsoho mai suna Lado ya kori jikokinsa daga zaure, ya rage murya ya ce, "Malam, magani muna sha, kuma mun yarda da shi. Amma iyayenmu ba wawaye ba ne. A wajenmu wuƙar daji daban, wuƙar fage daban. Ta fage tana walƙiya, amma bakinta a kwance yake, hannun da ke riƙe da ita kuma ya san inda zai tsaya. Ba ma gaya wa yaro sai ya yi aure ya yi hankali, don in ya sani da wuri bakinsa ba zai riƙe ba. Kafin nan babba ne kaɗai ke gwada shi."

Na dawo garin nan na zarce maƙera. Maƙerin ga shi can zaune, kada kowa ya harare shi, abin da aka tambaye shi shi ya amsa. Na ce, "Ranar da Ɗanliti ya kawo wuƙar nan, shi kaɗai ya zo?" Ya ce, "A'a, Allah ya gafarta Malam, tare suka zo da marigayi. Shitu ne ma ya ja mini zugazugi. Da na gama ya karɓa ya gwada a gashin hannunsa, ya ce in ƙara, kada a ce ɗan Umaru ya tsaya wa wuƙar yankan kuɓewa." Gadar da aka ce sun yi faɗa a kanta kuwa, na bi sawunta ita ma. A tukunyar Saude aka dafa ta, a akushi ɗaya suka cinye.

Saura Umaru. Ba na ɓoye muku, na ji tsoron wannan zama fiye da rafukan da na tsallaka, domin in ya ƙi ji, duk abin da na tara ba zai hana a kashe yaron ba. Na same shi yana yankan dawa shi kaɗai a gonar da mutum uku suka saba yi. Ban yi masa wa'azi ba. Limamai sun yi, dagaci ya yi, har kunnensa ya ƙoshi. Na zauna a kan kunyar gona na ce, "Umaru, ka ce ba a shiga fage da wuƙa mai kaifi. Ɗanliti ya san haka?" Ya ce, "Yaron da ya tashi a zaurena, yana ganin wuƙaƙe biyu a rataye tun bai iya tafiya ba? Wannan ai kowa ya sani." Na ce, "Kai wa ya gaya maka?" Ya ce, "Babana." Na ce, "Yaushe?" Ya ce, "Ranar da aka kawo mini Saude." Na ce, "Shitu ya yi aure?"

 Na gaya masa abin da maƙeri ya ce, kalma da kalma, ban ƙara gishiri ba. Ya saki kan dawar da ke hannunsa, ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana kallon karan da ke gabansa. Sa'an nan ya ce, "Bayan kakar nan na yi niyyar yi musu aure, su biyun. Rana ɗaya na so in gaya musu." Na tashi na kama linzamin goɗiyata na bar shi a nan, don na ga yana bukatar gonar ta zama tasa shi kaɗai.

Kwanaki suka yi ta wucewa ban ji daga gare shi ba. Na san abin da ke cinsa. In ya yafe, sai ya faɗi dalili. In ya faɗi dalili, ya tona abin da ubansa ya damƙa masa a ɓoye, abin da abokansa na fage suke riƙe da mutuncinsu a kai. Ba ƙaramin abu ba ne a ce wa mutum ya sauke girman da ya yi shekaru yana ɗauke da shi, a kan gawar ɗansa kuma. Har na fara shirya yadda zan tsaya a gabanku yau da wata fuskar daban. Sai wata safiya ina masaukina na ji sallama. Umaru ne, da wuƙaƙen nan biyu a naɗe cikin buzu. Ya ce, "Malam, ka raka ni birni."

Muka je. Ya tsaya a inda ya tsaya da farko, a gaban waɗanda suka ji maganarsa ta farko, ya ce, "Na yafe jinin ɗana. Ba na neman ƙisasi, ba na neman diyya." Aka tambaye shi ko wani ya matsa masa, ya ce babu. Aka yanke wa yaron abin da shari'a ta ajiye wa irin wannan, bulala ɗari da ɗaurin shekara. Jama'ar Dangora, ba za a kashe Ɗanliti ba. In Allah ya kai mu kaka mai zuwa, da ƙafarsa zai shigo garin nan.

Alhamdu lillahi. Ku bar su, ku bar matan su yi kukansu, sun daɗe suna haɗiye shi. Kyauta, uwar Ɗanliti, na san kina bayan zanar nan kina jina. Allah ya sanyaya miki kamar yadda ya sanyaya mana. Ku kuma samari kada ku sauko, ban gama da ku ba.

Sharaɗi ɗaya Umaru ya gindaya, ba ga yaron ba, gare ni. Ya ce in tsaya a gaban taro in faɗi maganar wuƙaƙen nan da babbar murya, da sunansa a ciki, kada in rage komai. Duk abin da kuka ji na faɗa a kansa da gidansa, da izininsa na faɗa. Ga wuƙaƙen nan a kan tabarma a gaban Hakimi. Bayan addu'a, duk saurayin da ya sha magani, ko yake shirin sha, ya zo ya zare kowacce ya taɓa bakinta da yatsansa. Dattawan fage, na ga wasunku sun sunkuyar da kai, wasu suna kallona da jan ido. Ku yi haƙuri da ni, ku yi haƙuri da ɗan'uwanku. Ban ce ku maƙaryata ba ne, ban kuma ce iyayenku sun cuce ku ba. Don su tsare yara suka ɓoye, amma ɓoyon ya ci yaro ɗaya, saura ƙiris ya ci na biyu.

Abu na ƙarshe, roƙo. Ranka ya daɗe, na ji ana cewa a hana farauta ɗungum a ƙasar nan. Ina roƙo kada a yi. In an hana ta a fili za a yi ta a ɓoye, inda ba babba ko ɗaya, mu kuwa rashin babba ne ya kashe mu. Abin da nake nema bai kai haka nauyi ba: kada a buɗe fage, na tauri ne, na sharo ne, ko rabon nama ne a daji, sai da dattijo a tsaye inda hannunsa zai kai, kuma shi zai zama na ƙarshen tashi. Furar ba za ta gudu ba. Makaɗa, ku abokan wasana ne, kun san ba na ƙinku. Amma kiɗan hannunku yana shiga jinin yaro ya fi giya. In manya sun bar fage, ku ajiye gangi, kada ku kira yaro da kirarin ubansa alhali bai san abin da uban ya sani ba. Iyaye kuma, ni da ku, mu daina cewa ai kowa ya sani. Yaro bai san komai ba sai abin da aka zaunar da shi aka gaya masa. Ku samari, ban ga laifin zuciyarku ba, da ita za ku noma ƙasar nan ku tsare ta. Amma in jama'a sun zuba muku ido, ganga tana kiran sunanku, ku waiga ku duba ko akwai mai furfura kusa. In babu, ku mayar da wuƙa kube, ku ce Malam Rufa'i ne ya hana, a zage ni, na ɗauka.

Kafin in zauna, akwai saƙo ɗaya da aka ba ni, ina so ku san na isar. Safiyar da za mu tashi zuwa birni, Saude ta miƙo mini ƙunshin dakuwa a tsumma, ta ce in kai wa yaron. Na ɗaga na ji nauyi, na ce, "Wannan ai ta mutum biyu ce." Ta ce, "Malam, hannuna bai iya awon mutum ɗaya ba."

Da aka gama shari'a aka bar mu muka shiga wurin Ɗanliti, ni da Umaru. Na gaya masa an yafe. Na ce, "Tambayarka kuma na samo amsarta. Ba ka taka doka ba, ba kai ka karya komai ba. Akwai abin da ba a gaya muku ba ne, kai da shi." Na miƙa masa ƙunshin. Ya kwance, ya gane hannun da ya yi ta. Ya raba ta gida biyu kamar yadda ya saba, ya tura rabi gefensa na dama, inda Shitu yakan zauna, sa'an nan ya tuna. Tun da nake zuwa wurinsa ban taɓa ganin hawayensa ba sai ran nan. Umaru, wanda ke tsaye a bayana, ya tsuguna a gefen nan na dama, ya ɗauki rabin ya ci.

Allah ya jiƙan Shitu, ya haskaka kabarinsa, ya jiƙan dukan yaranmu da suka tafi ta wannan hanya. Allah ya saka wa Umaru da Saude da abin da ba mu da ikon saka musu. Allah ya dawo da Ɗanliti lafiya, ya sa ya zama ɗa a gida biyu. Allah ya shirya mana samarinmu, ya ba dattawanmu ƙarfin tsayuwa kusa da su. Allah ya ja zamanin Hakimi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a abin da muka girbe, ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.